Yaron da Ya Nemi Aboki a Cikin Littafi

Masu shirya wasan ban dariya a ƙasar Hausa sun daɗe da sanin inda dariya take kwana. Tana kwana a wurin baƙauyen da ya shigo birni ya ruɗe, da marowacin da ake yi wa dabara a ci dukiyarsa, da mai girman kan da rawaninsa ke warwarewa a tsakiyar kasuwa. Da ire-iren waɗannan mutane ne marigayi Usman Baba Pategi ya riƙe masu kallo shekara da shekaru a wasan Samanja, da su ne Rabilu Musa Ibro ya cika kasuwar faifai har zuwa rasuwarsa a 2014, da su ne kuma ƙungiyar Yazi Dogo ta yi suna a nan Nijar tun zamanin samariya. Ko a tatsuniya, idan aka ce yaro yana da basira, to wayo ake nufi, wato irin na autan da ya yi wa Dodo dabara ya kuɓutar da yayyensa. Abin da ba mu cika gani a dandali ba shi ne yaron da Allah ya ba ƙwaƙwalwa ya hana shi wayo, wanda ya san nisan da ke tsakanin taurari amma bai san lokacin da ya kamata ya kama bakinsa ba. Malaman makaranta kuwa sun san shi, domin duk wanda ya daɗe yana riƙe da alli ya taɓa samun irinsa a aji, kuma ba kowa ne ya ji daɗin haɗuwar ba.

Irin wannan yaro ne tauraron wasan Young Sheldon, wanda tashar CBS ta Amurka ta nuna daga 2017 zuwa 2024, zango 7, kashi 141. Chuck Lorre da Steven Molaro ne suka ƙago shi, suka tsiro da shi daga wani wasan da ya gabace shi, The Big Bang Theory, inda Sheldon Cooper yake babban masanin kimiyya mai wuyar sha'ani. A nan an koma da shi shekarar 1989, yana ɗan shekara 9, a wani ƙagaggen gari mai suna Medford a gabashin jihar Teksas, an tsallake da shi daga firamare an kai shi sakandare, aji ɗaya da wansa Georgie mai shekara 14. Mahaifinsa, George, mai horar da ƴan ƙwallo ne a makarantar. Mahaifiyarsa, Mary, mace ce mai riƙo da addininta na Kirista. Akwai kuma abokiyar tagwaitakarsa, Missy, wadda ba ta damu da littafi ba amma ba abin da ke wuce ta a gidan. Wasan ya iso gidajenmu ta tauraron ɗan'adam da ta wayoyin hannu, da Ingilishi ko da fassarar Faransanci. Kashi na 2 na zangon farko, wanda aka fara nunawa a watan Nuwamba na 2017, shi nake so mu duba, saboda a cikin minti 20 da yake ɗauka ya yi wani abin da ya cancanci malamai da masu shirya wasa su tsaya a kansa: ya sauke dariya daga kan yaron, ya aza ta a kan manyan da ke kewaye da shi.

Labarin ba shi da tsawo. Mary ta leƙa ɗakin cin abinci na makaranta, ta hangi ɗanta zaune shi kaɗai a tebur, sauran yara kuwa kowa da ayarinsa. Hankalinta ya tashi. Ta roƙi Georgie ya riƙa zama da ƙanensa, ya ƙi. Missy ta tsegunta wa Sheldon cewa mahaifiyarsu tana cikin damuwa saboda ba shi da aboki, shi kuwa sai ya ɗauki lamarin kamar yadda yake ɗaukar kowace matsala: ya nufi ɗakin karatu ya nemi littafin da zai koya masa yadda ake yin aboki. Aka ba shi sanannen littafin nan na Dale Carnegie da ya fito a 1936, mai koyar da dabarun jawo mutane a jika. Ya hardace ƙa'idojin, ya gwada su ɗaya bayan ɗaya, kowace ta watse masa a hannu.

Abu na farko da mai nazari zai lura da shi shi ne, kaɗaicin da aka gina labarin a kansa ba na yaron ba ne. Muryar Sheldon babba, wadda Jim Parsons yake yi, tana shaida mana tun farko cewa zaman nan shi kaɗai daɗinsa yake ji, don a lokacin ne yake samun sararin tunanin abubuwan da suka dame shi. Uwar ce take jin ciwon, kuma ciwon nata gauraye yake da tausayi da kunyar idon jama'a. Hausawa sun ce ɗan kuka shi ke jawo wa uwarsa jifa; wannan ɗan ba ya kuka, amma uwar ta riga ta fara kare kanta daga jifan. Zoe Perry, wadda ta fito a matsayin Mary, ta iya nuna wannan gaurayen ba tare da ɗaga murya ba, da ɗan murmushin dole da yawan kai da kawowa. Saboda haka lokacin da yaron ya tashi neman aboki, hidima ce yake yi wa mahaifiyarsa. Mutanen gidan suna ganin ba ya kula da kowa, alhali kuwa duk wahalar da ya sha a kashin nan don ya share mata hawaye ne. Wasan bai tsaya ya yi mana wa'azi a kan wannan ba, ya bar mu mu gano da kanmu, kuma wannan yana cikin ƙarfinsa.

Fitowar da ta fi ba ni dariya, kuma wadda nake jin mai kallo a Agadas zai ji ta fiye da mai kallo a Teksas, ita ce inda yaron ya gwada littafin a kan mahaifinsa. Littafin ya koya masa cewa mutum yana jin daɗi idan aka ambaci sunansa, kuma yana son yabo. Sai ya tunkari uban, ya kira shi da sunansa na yanka, ya yabi yawan sumarsa, ya sake kiran sunan, ya kuma sakewa a ƙarshen kowace jimla, har uban ya ce abin ya yi yawa. Ga Ba'amurke, abin dariyar shi ne wuce gona da iri. A wurinmu kuwa abin ya fi haka zurfi, domin mu ladabinmu gaba ɗaya a kan ɓoye suna aka gina shi. Ɗa ba ya kiran sunan uba, mace ba ta kiran sunan miji, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, wanda aka raɗa wa sunan kaka kuwa sai a yi masa laƙabi, a ce Abba ko Ummi. A tsakanin Abzinawa, namiji yakan ja rawaninsa ya rufe baki idan surukinsa ya iso, kuma suna da kalmarsu ta takarakit da ke ɗauke da wannan nauyi, kamar yadda kunya take ɗauke da shi a Hausa. Ke nan dabarar da Carnegie ya sayar wa miliyoyin mutane a matsayin mabuɗin zukata, da za a kawo ta zauren wani dattijo a unguwannin tsohon garin Agadas, da ita ce za ta sa a kori mutum. Marubutan wasan ba su yi tunaninmu ba, amma sun tabbatar mana da abin da muka sani: ladabi ba shi da ƙa'ida ɗaya da za a hardace, ana shaƙarsa ne daga mutanen da aka tashi a cikinsu, kuma akwai yaran da hancinsu ba ya kama wannan ƙamshin komai daɗewarsu a gidan.

A nan ya kamata a tuna da laccar da A. H. M. Kirk-Greene ya gabatar, wadda aka buga a 1974, a kan mutumin kirki a wurin Bahaushe. Ya jero halaye 10, daga cikinsu akwai gaskiya da amana da haƙuri da hankali da kunya da ladabi. Mun daɗe muna karantar da wannan jeri a azuzuwa kamar halayen ƴan ɗaki ɗaya ne da ba su taɓa saɓawa. Yaro irin Sheldon yana nuna cewa suna saɓawa. Gaskiya yana da ita har ta yi masa yawa. A kashin farko na wasan, ranar da ya fara shiga aji, ya karanta dokokin makaranta ya tashi yana nuna duk wanda ya karya dokar sutura, har ya gaya wa malama cewa tana da ɗan gashin baki. Amana ma yana da ita. Abin da ba shi da shi shi ne hankali a ma'anarsa ta Hausa, wato sanin abin da ya dace da wuri da lokaci da mutum, abin da ya sha bamban da ilimi ko kaifin ƙwaƙwalwa. Idan irin wannan yaro ya faɗo a hannunmu, kalmomin da muke da su na siffanta shi duk na zargi ne: mai iyayi, mai fi'ili, mai tsaurin ido, marar kunya. Idan abin ya ci gaba sai a ce karatu ya taɓa shi, ko a fara zancen iska. Masu wasan, a nasu ɓangaren, ba su taɓa liƙa masa sunan wata cuta ba har wasan ya ƙare, kuma ina ganin sun yi daidai, don da sun yi haka da mai kallo ya samu hanyar da zai huta da tunani.

Tsakiyar kashin ita ce mafi kyawun saƙa. Da littafin ya ƙi ci, Missy ce ta kawo shawara: ya duba katin aro da ke cikin littafin, duk wanda sunansa yake kai, ai shi ma neman aboki yake. Shawara ce ta mai wayo, irin wadda haziƙin ba zai taɓa kawowa ba ko zai shekara yana tunani. Ya bi sunayen, sai ga shi malamansa ne. Ya same su ɗaya bayan ɗaya, kowanne kuwa da ya ji an taɓo zancen sai ya ɓalle da labarin mikin da ke ransa, yana zuba wa yaro ɗan shekara 9 abin da bai tambaya ba. Waɗannan su ne malaman da a kashin farko suka taru a ofishin shugaban makaranta suna ƙarar cewa yaron ya hana su sakat. Yanzu an buɗe mana su, mun ga cewa cutar da ake neman yi wa yaro magani, manyan da ke tsaye a gaban allo su ne suka fi fama da ita, bambancin kawai su sun iya ɓoyewa. Malami ɗan'uwana da zai kalli wannan fitowa zai yi dariya, amma dariyar wanda aka taka wa ƙafa ce. Duk wanda aka taɓa turawa aiki wata makaranta mai nisa a cikin duwatsun Abzin ko wajen Bilma, inda ba ya jin harshen garin sosai, ya san yadda dare yake tsawo.

Daga nan sai wasan ya ba Sheldon abokinsa, ba ta hanyar littafin ba. A ɗakin karatun ya gamu da Tam, yaro ɗan asalin Biyetnam, shi ma baƙo a cikin jama'ar makarantar, suka tarar dukansu biyu suna sha'awar harhaɗa ƙananan rokoki. Mary ta cika da murna, ta sa aka gayyato shi cin abincin dare. A wannan teburin ne, a ganina, wasan ya yi tuntuɓe.

Tam ya ba da labarin gidansu. Bayan yaƙin Biyetnam an tsare mahaifinsa a sansanin da sabuwar gwamnati ta ce na gyaran tunani ne, saboda ya yi yaƙi a ɓangaren Amurka. Da aka sake shi suka gudu a cikin ƙaramin jirgin ruwa, suka tsallake ƴan fashin teku, suka zauna a sansanin ƴan gudun hijira a Tailan, daga bisani suka isa Galveston, inda uban ya sayi jirgin kamun jatan lande, ƴan ƙungiyar wariyar launin fata ta Ku Klux Klan suka ƙone shi. Wannan ba ƙage ne tsagwaronsa ba. Bayan faɗuwar Saigon a 1975 dubban ɗaruruwan mutane sun bar ƙasar ta teku, kuma a 1981 rikicin masuntan Biyetnam da ƴan Klan a gaɓar Galveston ya kai har gaban kotun tarayya. Amma wasan ya ɗauki wannan kaya mai nauyi ya mai da shi tsani na hawa zuwa ga dariya: uban gida, wanda shi ma tsohon sojan yaƙin ne, yana ta tambayoyin da ba su dace ba, uwar gida tana auna addinin baƙo, Sheldon kuma ya rufe da cewa labarin ya ɓata wa kowa rai. Na fahimci manufar. Ana so a nuna cewa iyalin da ke ganin ɗansu bai iya zama da mutane ba, su ma ba su iya karɓar baƙo ba, kuma wannan ya dace da jigon kashin. Sai dai an biya kuɗin wannan darasi da aljihun Tam. Ba a bar shirun da ya biyo bayan labarinsa ya yi ko numfashi biyu ba. Mu mutanen Agadas, da muka ga ayarin motoci suna ɗaukar ƴaƴan mutane suna nufar Dirku da Libiya ta cikin Tenere, muka ga waɗanda suka dawo da waɗanda ba su dawo ba, tun kafin dokar 2015 da ta haramta jigilar har bayan soke ta a 2023, ba za mu iya jin labarin tsallaka teku a matsayin gishirin miya ba. Mai shirya wasa a nan da zai kawo irin wannan fitowa, masu kallonsa ba za su yafe masa gaggawar ba.

Akwai wani rashin adalcin da kashin ya nuna, wannan karon da gangan, kuma ya nuna shi da kyau. Duk hankalin gidan yana kan yaro ɗaya. Georgie an mai da shi ɗan rakiya a ajinsa, ana so ya sadaukar da ɗan mutuncin da yake da shi a idon tsararrakinsa. Missy ce ta gano damuwar uwar, ita ce ta kawo dabarar katin, ba wanda ya ce mata sannu. Iyayen da ke da haziƙi ɗaya a cikin ƴaƴa 7 ko 8 su dubi wannan yarinya da kyau. Abin da na yi kewa a kashin shi ne kaka, wadda Annie Potts take fitowa a matsayinta, don sai a kashi na 3 ta shigo wasan. Da zuwanta gidan ya samu abin da mu muka daɗe da shi: babba guda wanda al'ada ta yarda yaro ya yi wasa da shi, ya faɗa masa magana ba a ce ya yi rashin kunya ba. Wasan jika da kaka, da wasan taubasai, da barkwancin ƙabilu da hukumar UNESCO ta sa a jerin gadon ɗan'adam da sunan Nijar a 2014, duk ƙofofi ne da al'umma mai tsananin kunya ta huda wa kanta don ta sha iska. Yaro mai faɗin gaskiya tsirara ya fi kowa buƙatarsu.

Ba kuma za a ce al'adarmu ba ta san darajar haziƙi ba. Garin nan ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zo yana saurayi neman ilimi wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru. A makarantar allo, yaron da ya hardace Alƙur'ani da ƙuruciya ana girmama shi, kuma a fagen karatu an yarda ƙarami ya gyara wa babba. Ko liman ne ya yi tuntuɓe a aya, na bayansa yana ɗora shi, ba wanda zai tambayi shekarunsa. Wato muna da wuri guda da aka keɓe inda daidai ya fi girma. Matsalar ita ce lakwal ba ta gaji wannan wuri ba. Yaron da ya ɗaga hannu ya ce mushe ya yi kuskure a lissafi, sau da yawa bulala ce ladansa, ko kuma a ba shi aikin rubuta sunayen masu surutu, a haɗa shi gaba da ajin gaba ɗaya. Idan an yi masa gata sai a tsallake da shi aji, ko a yi fatan ya samu shiga makarantar haziƙai ta Yamai, a manta cewa ƙwaƙwalwar ce ta yi gaba, jikin da zuciyar suna nan a shekarunsu. Wasan ya fi mu gaskiya a nan, domin kyamara ba ta gajiya da nuna mana ƙanƙantar Iain Armitage a tsakanin samarin da suka ninka shi tsawo.

Ta fuskar salo, shawara mafi muhimmanci da masu wasan suka yanke ita ce barin dariyar ƴan kallo da ake ji a bayan fage. The Big Bang Theory a gaban jama'a ake ɗaukarsa, kowace baƙar maganar Sheldon tana samun shewa nan take, abin da ke mai da shi ɗan kama. A nan babu shewa. Idan yaron ya yi kwaɓa, shiru ne ke biyo baya, mai kallo kuma dole ya zaɓa da kansa ko ya yi dariya ko ya ji tausayi, sau da yawa sai ya samu kansa yana yin duka biyun. Ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na makarantunmu, waɗanda suka saba cika kowace fitowa da ihu da faɗuwa ƙasa, suna da abin koyo a wannan shirun. Muryar mai ba da labari kuwa wani lokaci tana yawan bayani, tana tauna mana abin da fuskar yaron ta riga ta faɗa.

Ƙarshen kashin kamar don mu aka rubuta shi. Saboda murnar aboki, Mary ta janye hanin da ta yi wa ɗanta na harba roka. Ana cikin haka sai ga jami'an hukumar FBI a ƙofar gida, suna neman wanda ya buga waya daga wannan adireshi zuwa wani kamfanin haƙar ma'adinai yana son sayen yuraniyom. Uwar tana ƙoƙarin nuna musu cewa ƙaramin yaro ne da ba ya cutar da kowa, sai roka ta tashi a gareji. A Teksas, yuraniyom kalma ce ta ban tsoro da ban dariya, abin da yaro mai hatsari kaɗai zai nema. A jihar Agadas kuwa sunan abincin gidaje ne tun da kamfanin Somaïr ya fara haƙa a Arlit a 1971, kuma sunan ƙurar da ta rage ne bayan rufe Cominak a 2021. Yaran da iyayensu suka yi shekaru suna fito da wannan dutse daga ƙasa suna zaune a azuzuwanmu yau, daga Arlit har Ingal, kuma a cikinsu akwai wanda zai ɗaga hannu ya tambayi mushe yadda dutsen yake zama wutar lantarki a Faransa, ya kuma ƙi zama idan amsar ba ta gamsar da shi ba.